Lambu, Barewa da Malam-Buɗe-Littafi: Darasi Daga Ƙasar Amurka



Na san da yawa daga cikinku sun yi mamaki da suka ga sanarwar wannan lacca. Malamin Hausa, wanda aka saba ji yana bayanin nahawu da karin magana, me ya haɗa shi da ƙwari da namun daji, kuma na wata ƙasa can bayan teku? Amsar ita ce, a shekarun da na yi ina karatun digiri na uku a jihar Wiskonsin ta Amurka, na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa a bayan gari, wadda ba ta da wani aiki bayan ta yi ritaya sai kula da lambunta. Wata safiya na fito na tarar da ita tsaye, ta yi tagumi, ga shuke-shuken da ta yi shekara biyu tana reno an cinye su a dare ɗaya, sai kututture. Na tambaye ta ko akuyar maƙwabta ce, sai ta yi dariya ta nuna mini sawun kofato a cikin laka, ta ce barewa ce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ba kayan miya take shukawa ba, ba kuma furannin ado ba. Ciyayin daji take shukawa, don malam-buɗe-littafi ya sami wurin yin ƙwai. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan al'amari, kuma abin da na tsinta shi ne zan gabatar muku yau.

Gyaran suna

Tun da sana'ata ke nan, bari in fara da suna. Dabbar da nake kira barewa a nan ba barewarmu ba ce. Mu muna da barewa, da gada, da mazo, da gwanki, da kanki, dukkansu ƙahonsu ba ya rassa, kuma da shi suke rayuwa har su mutu. Ita kuwa ta Amurka, namijin ne kaɗai ke da ƙaho, ƙahon yana da rassa kamar bishiya, kuma kowace shekara sai ya faɗi wani sabo ya tsiro. Tana da farin gashi a ƙarƙashin wutsiya, wanda take ɗagawa idan ta firgita. Da yake ba mu da irinta a ƙasar Hausa, sai mu ara mata sunan barewa, mu ce barewa mai farar wutsiya.

Shi kuwa malam-buɗe-littafi, sunansa ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana lura da shi, yadda yake buɗe fukafukai yana rufewa kamar almajiri da littafi. Amma akwai abin da yawancinmu ba mu haɗa ba, watau cewa wannan kyakkyawan ƙwaro da tsutsar nan da muke gani tana cin ganye abu ɗaya ne. Ƙwai ne ke ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta ci ganye ta ƙoshi, sa'an nan ta naɗe kanta ta yi kwanaki ba ta motsi, daga nan a ga mai fukafukai ya fito. Masaƙanmu sun san irin wannan a kan tsutsar da ke ba da zaren rigar tsamiya. Duk maganar da zan yi ta dogara ne a kan wannan.

Abincin uba dabam, abincin ɗa dabam

Babban malam-buɗe-littafi ruwan zaƙin fure yake sha, kuma ba ya zaɓe sosai, kusan kowane fure ya samu ya sauka. Tsutsarsa ce mai tsani. Galibin tsutsotsin nan ba su cin ganye sai na tsiro ɗaya, ko na dangin tsiro ɗaya. Dalili kuwa shi ne, kowane tsiro yana da irin dafin da yake kare kansa da shi, ɗaci ko guba ko ƙaiƙayi, kuma sai ƙwaron da ya yi dubban shekaru yana zaune tare da wannan tsiro ne cikinsa ke iya sarrafa wannan dafi. A shekarar 1964 wasu masana biyu, Paul Ehrlich da Peter Raven, suka rubuta wata maƙala da ta yi fice a kan wannan dangantaka tsakanin malam-buɗe-littafi da tsirrai.

To, a nan ne matsalar Amurka ta taso. Mutanen unguwannin bayan gari sun share ciyayin ƙasarsu, suka shimfiɗa gajeriyar ciyawar nan da ake aske wa kai da inji, wadda aka ƙiyasta ta rufe kimanin eka miliyan 40 a ƙasar, suka kuma ƙawata gidajensu da shuke-shuken da aka kawo daga Turai da Asiya. Alal misali, akwai wani ɗan itace mai fure da aka kawo daga ƙasar Sin, wanda har sunan malam-buɗe-littafi aka laƙaba masa saboda yadda suke dafifi a kansa. Amma tsutsarsu ba ta cin ganyensa. Ashe ka ga an ciyar da uba, an bar ɗa da yunwa.

Wani malamin ilmin ƙwari na Jami'ar Delawe, Douglas Tallamy, ya fitar da littafi a shekarar 2007 wanda ya farkar da jama'a a kan wannan. Shi da abokan aikinsa sun ƙidaya cewa a gabashin Amurka bishiyar ok, wadda 'yar asalin ƙasar ce, tana ciyar da tsutsar ire-iren malam-buɗe-littafi da danginsu masu tashi da dare fiye da 500, alhali yawancin baƙin bishiyoyi 'yan ƙalilan kawai suke ciyarwa. Kuma abin bai tsaya ga ƙwari ba. Akwai wani ɗan tsuntsu a can wanda bai kai gwara girma ba, an lissafa cewa kafin ma'aurata biyu su yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya sai sun kawo musu tsutsa tsakanin 6,000 da 9,000. In babu tsutsa, babu tsuntsu. A shekarar 2025 mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani babban bincike da ya nuna cewa yawan malam-buɗe-littafi a Amurka ya ragu da kashi 22 cikin ɗari tsakanin 2000 da 2020.

Labarin Basarake

Wanda ya fi kowa suna a cikinsu shi ne wani mai launin ruwan goro da baƙin zane, wanda Turawa ke kira da sunan da ma'anarsa ita ce sarki. Mu ma sai mu ce masa Basarake. Kowace kaka yakan taso daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, ya yi tafiyar da kan kai mil 3,000, ya sauka a kan wasu duwatsu na tsakiyar ƙasar Meziko, a jihar Michoacan da maƙwabciyarta, ya rataya a kan bishiyoyi har sanyi ya wuce. Abin al'ajabi shi ne, wanda ya yi wannan tafiya bai taɓa ganin wurin ba. Kakan kakansa ne ya baro can, domin a hanyar komawa arewa sai an hayayyafa sau uku ko huɗu. Masana ba su san inda yake zuwa ba sai a watan Janairu na 1975, lokacin da Kenneth Brugger da Catalina Aguado suka iske wurin, bayan Fred Urquhart na Jami'ar Toronto ya yi shekaru da dama yana liƙa wa ƙwarin 'yan takardu a fiffike don a bi sawunsu. Mutanen duwatsun kam sun daɗe da saninsa.

Da yake ba a iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sai a auna faɗin dajin da suka rufe. A hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe hekta 18 da 'yan kai. A hunturun 2013 zuwa 2014 ba su kai hekta ɗaya ba, 0.67 aka samu. A na 2024 zuwa 2025 an sami hekta 1.79. Dalilan raguwar suna da yawa, akwai saran daji a Meziko, akwai sauyin yanayi, amma babba daga cikinsu shi ne ɓacewar tsiron da tsutsarsa ke ci. Tsiro ne mai fitar da farin ruwa kamar nono idan an karya shi, masana suna kiran danginsa Asclepias. Da yakan tsiro a tsakanin kunyoyin masara da waken suya. Daga shekarar 1996 manoma suka fara shuka irin da maganin kashe ciyawa ba ya yi masa illa, suna feshe gona baki ɗaya, sai wannan tsiro ya ƙaura daga gonaki. Shi ya sa wata ƙungiya da ke Jami'ar Kansas, mai suna Monarch Watch, ta fara kira ga jama'a a 2005 da su mai da lambunan gidajensu zangon Basarake. Mai gidan da na zauna tana cikin waɗanda suka amsa wannan kira.

Yadda barewa ta zama annoba

Ga mutum ya yi niyyar alheri, ga kuma barewa ta zo ta cinye. Ina ta fito da yawa haka? Wajen shekarar 1900 farauta ta kusa ƙarar da ita, har aka ƙiyasta saura ba su wuce rabin miliyan ba a faɗin ƙasar. Sai hukuma ta kafa dokoki. Dokar Lacey ta 1900 ta hana fataucin naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, wata doka ta 1937 kuma ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, aka riƙa amfani da kuɗin wajen raya namun daji. Aka kuma hana harbin mata a wurare da yawa. A lokaci guda an riga an kashe kyarketai da damisar dutse waɗanda ke rage ta. Daɗin daɗawa, unguwannin bayan gari sun zame mata aljanna, ga bakin daji inda take son zama, ga shuke-shuken da aka ba taki da ruwa, ga shi ba a harbi kusa da gidaje. A 'yan shekarun nan ana ƙiyasta yawanta da kimanin miliyan 30. Magani ya yi aiki har ya wuce gona da iri.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara hango wannan shi ne Aldo Leopold, malami a Jami'ar Wiskonsin, wanda ya rasu a 1948. A ƙuruciyarsa shi ma yana cikin masu ganin a kashe kyarkeci don barewa ta yawaita, daga baya ya ga yadda take cinye daji har ita kanta yunwa ta kashe ta. A shekarun 1940 ya yi ta kira da a rage matan barewa a jihar, maharba suka yi masa ca, suka ce maƙiyin barewa ne. Amma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Wajen shekarar 1950 wani masanin tsirrai, John Curtis, tare da ɗalibansa, sun rubuta tsirran da ke dazuzzukan jihar wuri-wuri. Bayan shekara 50 aka koma waɗannan wurare a arewacin jihar aka sake ƙidaya, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na ire-iren tsirran asali sun ragu, kuma asarar ta fi tsanani inda aka hana farauta.

Ɓarnar barewa ga malam-buɗe-littafi iri biyu ce. Ta farko a fili take, ta ci tsiron da tsutsa ke ci, wani lokaci har da ƙwan da ke kai. Akwai wani ɗan ƙaramin shuɗi da ake kira Karner, wanda marubucin nan Vladimir Nabokov ya fara bayyana kamanninsa a 1944, aka kuma sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1992. Tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen lufin na daji, barewa kuwa tana son lufin, musamman furensa, in ta cinye fure kuwa babu iri. Haka take yi wa 'ya'yan bishiyar ok, sai ka ga daji cike da tsofaffin itatuwa babu magaji ko ɗaya a ƙarƙashinsu. Ta biyu a ɓoye take. Akwai wata baƙuwar ciyawa mai warin tafarnuwa da aka kawo daga Turai, barewa ba ta cin ta, sai ta cinye 'yan ƙasa ta bar mata fili ta bazu. Wani farin malam-buɗe-littafi na daji kuma sai ya ruɗe, ya ɗauka dangin abincin 'ya'yansa ce, ya yi ƙwai a kanta, tsutsar ta ci ta mutu.

Dabarun masu lambu

Masu lambu ba su naɗe hannu ba. Dabara ta farko ita ce zaɓen abin shuka. Barewa tana ƙin ganye mai ɗaci ko guba, da mai ƙarfin ƙamshi, da mai gashi ko kaushi. An yi sa'a, tsiron nan mai nono na Basarake yana da guba mai taɓa zuciya, don haka ba ta cika damunsa ba. Ita tsutsar Basarake tara gubar take yi a jikinta, kuma Lincoln Brower ya nuna a shekarun 1960 cewa tsuntsun da ya ci Basarake sai ya yi amai, ba ya kuma ƙarawa. Haka nan dangin na'ana'a na ƙasar, kamar na'ana'ar dutse da bagamot na daji, ƙamshinsu yana korar barewa, furensu kuwa yana tara ƙwari. Akwai wata bishiya da suke kira fofo, ba gwandarmu ba ce, ganyenta kaɗai tsutsar wani mai zanen jakin dawa ke ci, barewa kuwa ba ta so. Jami'ar Rutgers ta jihar Niyu Jasi ta tsara jerin shuke-shuke kashi huɗu, daga wanda da wuya barewa ta taɓa har zuwa wanda kullum sai ta lalata. Amma fa babu tsiron da ya tsira baki ɗaya, domin idan hunturu ya yi tsanani, mai jin yunwa ba ya zaɓen abinci.

Dabara ta biyu ita ce shinge. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to wannan ma ba ta bar gado ba, tana iya tsallake shinge mai tsawon ƙafa 7, shi ya sa ake ba da shawarar ƙafa 8. Wanda bai da ƙarfin wannan yakan yi gajeru biyu a jere da ɗan tazara tsakaninsu, ko ya kewaye ƙananan fegi dabam-dabam, domin barewa ba ta son faɗawa wurin da ba ta ga mafita ba. Kowace 'yar bishiya kuma a yi mata kejin waya har sai rassanta sun fi ƙarfin bakin barewa, a kuma kare gindinta daga namijin da ke goga ƙaho da kaka. Dabara ta uku ita ce feshin abin wari, galibi na ruɓaɓɓen ƙwai, sai dai bayan ruwan sama sai an sake. Ta huɗu ita ce shuka da yawa, a kewaye wanda take so da wanda ba ta so, a haƙura da ɗan abin da ta ci. Banda wannan, ba a fesa maganin ƙwari, ba a kuma share busassun ganye duka da kaka, saboda wasu a cikinsu suke kwana har bazara.

Mai gidana ta bi waɗannan hanyoyi, kuma kafin in baro ƙasar na ga tsutsar Basarake da idona, mai zanen rawaya da fari da baƙi, tana cin ganye a bayan tagar ɗakina. Duk da haka ita da kanta takan ce shinge yana tsare lambu ne, ba ya tsare daji. Maganin daji sai an rage yawan barewa, kuma a nan ne gardama take, tsakanin maharbi mai son ta yawaita, da mai tausayin dabba da ba ya son a harbe ta, da manomi da mai lambu da ke ɗaukar asara. Wannan hukunci ne na hukuma, ba na mutum ɗaya ba.

Abin da ya shafe mu

Jama'a, ban kawo wannan labari don nishaɗi kawai ba. Tsiron nan mai nono ɗan'uwan tumfafiyarmu ne, dangi ɗaya suke, kuma akwai Basaraken Afirka, mai launin ruwan goro da farin ɗigo a bakin fiffike, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya tana tara gubarta, daidai da yadda ɗan'uwansa ke yi a can. Kowa ya duba tumfafiya da kyau bayan damina zai iya ganinta. Haka anza take ciyar da tsutsar wasu farare da kan tashi garke-garke. Mu kuwa ba mu da barewa a unguwa, amma muna da akuya, kuma duk wanda ya taɓa dasa bishiya a ƙofar gida ya san cewa in bai kewaye ta da ƙaya ko tubali ba, ya yi wa akuya kalaci ne.

Ga ma'aikatan da ke nan, musamman na gandun daji da na tsara gari, ina roƙon a duba abin da muke dasawa. Dogon yaro daga Indiya ya zo, zaiti daga Ostireliya, sun ba mu inuwa da itace, kuma wani abin da ya sa suka karɓu shi ne saurin girma da jure fari. Ban ce a sare su ba. Amma idan kowace makaranta da kowace sakatariya ta zama dogon yaro zalla, to mun bi hanyar da Amurkawa suka bi suke kuma da-na-sani. A ware wani kaso na kowane dashe ga tsamiya, da kanya, da ɗorawa, da gawo, da magarya, da aduwa, a kuma sa kuɗin kewayewa da ban ruwa na shekarun farko cikin kasafi tun daga tushe, domin dashen da ba a tsare ba asarar kuɗin jama'a ne.

Ku kuma ɗalibai, musamman na sashenmu, akwai aikin da ya rataya a wuyanku. Abin da ya sa aka gane asarar dazuzzukan Wiskonsin shi ne wani ya rubuta abin da ke wurin shekara 50 kafin nan. Idan kun tafi hutu, ku zauna da tsofaffi, da makiyaya, da masu magani, ku rubuta sunayen tsirran garinku da na ƙwarin da ke kansu, da wurin da ake samunsu, da waɗanda aka daina gani. Tsiro in ya ɓace, sunansa ma yakan bi shi, harshe kuma ya ragu ba tare da kowa ya ji ba. In kun kawo mana wannan, za mu adana shi domin waɗanda za su zo su sake ƙidaya a bayanmu.